Hular Ɗan Sama Jannati

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Waɗanda sunka gaishe ni da jiki, na gode, na riƙe sunayenku. Masu cewa "tsohuwa ki sako muna ci gaba" ba ko sannu, ku ma na riƙe naku. To ku gyara zama.

Mun tsaya inda Jibo, mai gyaran jikin mota na bakin tashar Ƙonni, yag gama hular ƙarhen da samariyar unguwarsu za ta yi wasan kwaikwayo da ita a gasar garin Tawa. Shi ne zai hito a matsayin baƙon da yah hwaɗo daga sama bayan dogon yaƙi cikin taurari. Yat taho da ita gida cikin buhu, yat tura ƙarƙashin gado, bai ce ma matatai Lauratu komi ba.

*

Da hantsi Jibo ya tahi wajen direban motar da za ta kwashe su. Lauratu tana shara, tsintsiya tab bugi abu ƙarƙashin gado, yay yi ƙara.

Taj jawo buhun. Tak kwance.

Unguwa duka zancen hular ga ake, ita matar mai ita ba ta taɓa sa ta a ido ba sai yau. Ga gilashi a wurin huska. Ga tiyon mota ya zagayo ta haɓa. Ga eriyar rediyo tsaye a gehe ɗaya.

Amma ƙazanta.

Baƙi ya cika kowane lungu. Tsatsa ta zubo daga bakin ƙusoshi kamar hawaye. Kumatu ɗaya ya lotsa, ga karce ko'ina kamar kaji sun yi tono a kai.

Lauratu tar riƙe haɓa.

"Wannan za a kai Tawa? Gaban manya?"

Ku da ba ku san Lauratu ba, a unguwar nan in mace tana son ta zagi ɗiyarta kan wanke-wanke, cewa take, je ki ga tukwanen Lauratu. Gindin tukunyarta kana iya sa kwalli a ciki. Ita za a ce mijinta ya hau dandali da kai kamar murhu? Matan Tawa ba Jibo za su zaga ba. Cewa za su yi, shin wanga ba shi da mata?

Tah hito da ita tsakar gida. Taɗ ɗebo toka, taɗ ɗebo yashi, taj jiƙa kanwa, tas samo soson ƙarhe. Taɗ ɗaure zane tam.

Baƙin yah hwara bin ruwa. Tsatsar kuwa ko gardama ba ta yi ba, shahwa ɗaya tat tahi, har Lauratu tay yi mamakin tsatsa mai sauƙin kai haka. Hwarin fenti yah hito shina walƙiya. Tana gugawa tana murmushi, tana tunanin yadda zai shigo ya gani.

Sai tsakar kai. Nan akwai wani ɗan tudu da yaƙ ƙi lahewa. Tas sa yashi, tad danna da ƙarhi. Fenti yak kware. Abin da ke ƙarƙashi, irin ƙullin nan da masu gyaran mota ke cike rami da shi, yaɓ ɓalle kamar ɓawon ƙwai.

Hannunta yat tsaya.

Ɗigo-ɗigon ƙusa ne a jere cikin ƙarhen. Yatsu uku gaba, ɗaya baya.

Sawun zabo.

A wancan zamani ba gidan da ke da tukwanen da za su ishe shi biki. In suna ya tashi ko aure, gida-gida ake bi ana aro, a dahwa, a wanke, a kihe bayan danga, kowa ta zo ta ɗauki tata. Shi ya sa kowace mace ke da shaidarta a gindin tukunya. Wata jan fenti, wata gicciye, wata wata da tauraro. Sawun zabo kuwa a Ƙonni duka na mace ɗaya ne: Inna, uwar su Lauratu, Allah ya jiƙanta.

Lauratu taj juya hular, bakin yana kallon sama. Tas shahwa gehe da gehe. Ga gurbin kunnuwa nan biyu, an yanke an goge.

Tukunyar miyar Inna ce. Wadda tab bar ma Lauratu don ita ce auta. Wadda yayarta Balki ta ara bara da kaka don sunan ɗiyarta, ba a sake ganinta ba. Wadda saboda ita Lauratu tat tsaya gaban matan unguwa a bikin gidan Maikuɗi tac ce Balki ta ƙetare da ita kasuwar Illela ta sayar, don haushin ba ita anka bar ma ba.

Tun ranar ba gaisuwa. Ko a makoki sunka haɗu, kowa bangonta take kallo.

Lauratu taz zauna daɓas cikin ruwan toka.

A haka Jibo yas shigo shina hito da baki.

"An samu mota, bayan azahar za mu..."

Idonai yak kai kan hular. Hiton yam mutu.

"Mi kinka yi?"

Ba ta ɗaga kai ba.

"Lauratu, mi kinka yi mata?"

"Wankewa."

"Wankewa." Yad durƙusa, yak kai hannu bai taɓa ba, kamar mai duba gawa. "Wa yas sa ki? Wa yac ce ki buɗe buhun?"

"Datti na gani."

"Datti." Yay yi wata dariya marar daɗi. "Kin san mi kinka zubar cikin kwata? Baƙin nan hayaƙin taya ne, na turara ta a hankali, na bi da tsumma ina gogewa, in bar shi cikin lungu kawai, inda hannu bai kaiwa. Tsatsar nan ba tsatsa ba ce, sanholo bai tsatsa. Jan ƙasa ce na dama da ruwan goro da baƙin mai, ina ɗigawa da gashin kaza, in jira ta bushe, in ƙara. Karcen nan da tsinin ƙusa na yi shi, kowane da inda yah hito da inda yan nuhwa. Lotsawar ga, guduma na naɗe da tsumma."

"Wato da hannunka ka ɓata ta."

"Tsuhwa na yi mata. Mutumen da yay yi yaƙi cikin taurari zai hwaɗo da hula tana walƙiya kamar kwanon amarya? Ƴan wasan garin Madawa su mutu da dariya. Fenti kowane yaron gareji na iya shahwawa. Tsuhwar ita ce aikin."

"Ba ta bukatar tsuhwar ƙarya," in ji Lauratu. "Ta girme ni. Ta girme ka."

Yad dube ta.

Taj juyo mishi da tsakar kan. Rana tab bugi ɗigon ƙusar.

"Karanta min. Kai ka yi lakwal, ka san boko."

Jibo yad dubi sawun zabon, yad dubi ƙasa, yad dubi randa.

"Bari in hwaɗa miki yadda anka yi."

"Ina ji."

"Na bi kasuwa kah. Na dinga kihwa tukwane a kaina har masu kaya sunka zaci na taɓu. Na yanzu duk sirara ne, guduma ɗaya su tsage. Ranar sunan gidan yayarki na je kwaso tabarminmu, na gan ta kihe bayan danga. Zurhinta, kaurinta, kamar don kaina anka zuba ta. Na ce in an gama gasa in sayo miki sabuwa wadda tah hi ta."

"Ka yanke mata kunnuwa."

"Da na tambaye ki da kin hana."

"Awo. Da na hana."

"To kin gani."

"Na tambaye ka a ɗakin ga. Na ce, Yaya ta ce tukunya ta komo gida, ko ka gan ta? Mi kac ce?"

Yak kau da kai.

"Cewa ka yi, ni ina ruwana da tukwanen mata. Ranar gidan Maikuɗi kuma kana ina?"

"Zancenku ne na mata."

"Kana zaure kana shan shayi. Muryata har titi. Na hito ina kuka, kai kar rako ni gida. Kac ce in yi haƙuri, ƴan'uwa ma suna yin haka." Tad dube shi. "Jibo."

Yaɗ ɗago da sauri. Tunda anka kawo ta gidan ga ba ta taɓa kiran sunanai ba, ko a bayan ido.

"Yaya hwa, matar da tag goye ni da Inna tar rasu. Matar da tas sayar da akuyarta tay yi min kayan ɗakin da kake kwana a kai. Kana kallo na kira ta ɓarauniya, da sahe ka koma gareji kana ɗiga ma tukunyar ruwan goro."

"Na yi kuskure. Na ce na yi. Yanzu ba ni ita." Yam miƙo hannu, muryatai ta yi laushi. "Akwai sauran lokaci. In cike wurin, in turara ta, ko rabin na da ta samu. In mun komo daga Tawa ni da kaina zan je wajen yayarki, mu yi magana cikin ɗaki, ba wanda zai ji."

"Ka cike wurin."

"Ɗan shahi ne kawai."

"Ka sake ruhe Inna."

"Ke ba ki gane ba. Shekara nawa ina bugun ƙarhe bakin tasha, ba mai kirana sai da kai mai guduma? In mun ci Tawa, har a talabijin za a nuna mu. Sau ɗaya a rayuwata a ce Jibo ne yay yi."

"Za a ce," in ji ta. "Yau ma za a ce."

Tat tashi, zanenta na ɗigar ruwan toka. Tac cire kallabi tan naɗa gammo, taɗ ɗora hular a ka yadda ake ɗaukar tukunya, baki sama, eriya na reto a gehe.

"Ina za ki?"

Ba ta waiwaya ba. Jibo yab bi ta har zaure, yag ga mutane a titi, yat tsaya. Namiji bai kokawa da matatai gaban jama'a. Yaj juya da gudu wajen Alkasum, shugaban samariya.

*

Balki tana tsakar gidanta tana tsince wake. Babbar mace ce, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba a mantawa.

Lauratu tay yi sallama. Balki ta amsa ma sallamar, ba ma mai ita ba.

"Tsaya nan bakin ƙohwa," tac ce. "Kar wani abu naki ya ɓace a gidana."

"Yaya."

"Ashe ina da ƙanwa."

Lauratu tas sauke hular, tak kihe ta gaban Balki, tad durƙusa. 

Balki ta aje hwaihwai. Tad daɗe tana kallon gilashin da tiyon da eriyar. Sannan tas sa ɗan yatsa kan ɗigon ƙusar, tab bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na riƙe ma Inna tukunyar ga ranar da tab buga shaidar. Ba a haihe ki ba." Tas shahwa gurbin kunnuwan. "Dubi yadda anka mai da ita. Sai ka ce aljani."

"Yaya, shi ne. Shi yaɗ ɗauka."

"Na sani."

Lauratu taɗ ɗago.

"Ina bakin rijiya ina ɗauraye ludduna. A gabana yas sa ta cikin buhu, yaɗ ɗora tabarmi a kai. Har na ce mishi ya gaida gida."

"Kinka yi shiru?"

"Na ce miki ta koma gidanki. Ƙarya na yi?"

"Ba ki ce shi ba ne."

"Kin komo kin ce min maigidanki ya ce bai gani ba. To in ce mi? In buɗe baki in ce mijin ƙanwata maƙaryaci ne kuma ɓarawo? Ni da ko sunanai ban kira, ko abinci ban ci gabanai? Ni na kai ki ɗakin nan da hannuna, Auta. Na san halinki. Da na hwaɗa, a ranar za ki naɗe tabarmarki. Na ce bari, zai ji kunya ya hwaɗa da kanai."

"Bai hwaɗa ba."

"Bai hwaɗa ba. Ke kinka hwaɗa, gidan Maikuɗi."

Lauratu tak kama ƙahwarta tana kuka. Balki taj janye ƙahwar, ba da ƙarhi ba.

"Ban son kuka. Kuka bai wanke komi, ke da kin san wanki. Kin san tun ranar ba macen da tab ba ni aron ko ludayi? In na shiga gidan biki sai in ga ana jan kwanoni kusa da jiki. Na haɗiye. Na ce sunana ne, na ba ƙanwata, ba yau na hwara ba ta abu ba."

Tan nisa.

"Sai ga shi ba nawa kaɗai na bayar ba. Dangin yaron da ke neman Zalika sun aiko. Wai a dakata tukuna, suna bincike. Babbar ɗiyata, wadda kinka yi ma kitson hwari. Tana ɗaki, ko ruwa sai na matsa mata."

"Yaya, mi zan yi?"

"Kina jin dakan can?"

Ana ji. Taɓare na tashi daga gidan Liman, bayan masallaci.

"Suna ake, matar Liman ta haihu. Duk waɗanda ke gidan Maikuɗi ranar suna can. Ni ba a kira ni ba. Wa zai kira ɓarauniya wurin tukwane?" Balki taɗ ɗauki hwaihwanta. "A gabansu kinka karɓe min suna. Cikin ɗaki ba ni karɓar shi. In za ki maido, can za ki maido. In ba ki iyawa, ɗauki aljaninki ki kai ma mai shi, ya tahi Tawa a tahwa mishi. Ba zan ce komi ba. Na saba."

Lauratu tas share huska da bakin zane. Tag gyara gammo.

*

Ƙohwar gidan Liman maza ne zaune kan tabarmi, goro na zagayawa. Sunka ga mace tahe da wani abu mai walƙiya a ka, eriya na reto. Hira tat tsaya.

Saura kaɗan ta kai zaure babur yat tsaya gabanta. Alkasum ne ke tuƙi, Jibo a baya. Can bakin titi babbar mota cike da samari da ganguna tana ta oda.

Alkasum yas sauko shina murmushi irin na masu neman sulhu.

"Uwargida, ranki ya daɗe. Wannan da ke kanki sunan Ƙonni ne hwa. Ba mu shi mu je mu komo, sannan a zauna, ko mi ne a gyara."

"Tukunyar uwata ce, Alkasum. Ka taɓa ganin an yi aro ba a tambayi mai abu ba?"

"To ga shi ina tambaya."

"Na hana."

Wani tsoho cikin masu zama yay yi dariya, yam mai da ita tari.

Jibo yam matso.  Yar rage murya, amma wurin ya yi tsit, kowa na ji.

"Ki ruhwa min asiri."

"Da mi? Da abin cike ramin mota?"

"Lauratu, in kinka shiga da ita, gobe ba mai kawo min ko keke gyara. Ɓarawon tukunya za a kira ni har in mutu."

"Ana rayuwa da sunan. Tambayi Yaya."

Motar tas sake oda. Jibo yad dubi motar, yad dubi mazan da ke kallonai, wani abu yat taso mishi.

"To ji. In kinka tsallaka zauren ga da hular nan, ki wuce gidan yayarki. Ba ke ba ɗakina."

Liman, da tun ɗazu shina jan tasbaha, yaɗ ɗago kai.

"Jibo. Ka san abin da kah hurta? Ga shaidu zaune."

"Na sani, Malam."

"Ka janye tun ba ta ɗaga ƙahwa ba."

Jibo bai janye ba. Ya tabbata ba za ta iya ba. Ya san ta da son ɗakinta, ya san jeren kwanoninta da take gogewa kowace sahiya.

Lauratu tad dube shi. Har yanzu akwai baƙin taya cikin ƙumbunanai, na aikin da taw wanke. Tat tuna da sahen nan murmushi take tana gugawa, don kar a ce ba shi da mata.

Ƙohwar zauren Liman gajera ce. Sai da tar rusuna, tad dahe hular da hannu ɗaya don kar eriya ta kama.

Tat tsallaka.

Cikin gida taɓare sunka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ga tukwanen unguwa jere kan duwatsu, kowace da shaidarta. Ga matan da sunka je bikin gidan Maikuɗi, ba wadda ta rage.

Lauratu tas sauke hular tsakiyarsu, tak kihe ta, sawun zabo na kallon rana.

"Salamu alaikum," tac ce. "Duk wadda tas san shaidar Inna, ta matso."